Hasashen Kakar Ƙwallon Amurka: Tsakanin Kirdado Da Shaci-Faɗi

Masu iya magana kan ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Amma a ƙasar Amurka akwai wata sana'a da ta kafu kacokan a kan nuna maci tuwo tun kafin a ɗora tukunya. A duk shekara, daga watan Agusta zuwa makon farko na Satumba, jaridu da gidajen talabijin da shafukan intanet na ƙasar sukan cika maƙil da hasashen yadda kakar wasa ta gasar NFL za ta kaya. Za ka ga marubuci ya jero ƙungiyoyi 32 ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan za ta ci wasa 12 a doke ta a 5, waccan za ta ci 6 a doke ta a 11, sannan ya ɗora da sunan wanda zai zama gwarzon ɗan wasa, da kocin da zai karɓi lambar yabo, da ƙungiyar da za ta ɗaga kofi a watan Fabrairu. Duk wannan kuwa kafin a buga wasa ko ɗaya.

Ga mai karatu da bai saba da wasan ba, ba tamaular da muka sani ake nufi ba. Wasa ne mai kama da zari-ruga, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, ana jefa ta da hannu ko a ruga da ita, 'yan wasa goma sha ɗaya a kowane ɓangare. An kasa ƙungiyoyin 32 zuwa shiyya biyu, kowace shiyya tana da rukuni huɗu, kowane rukuni ƙungiya huɗu. Tun daga 2021 kowace ƙungiya tana buga wasa 17 a kaka, bayan an shafe shekaru tun 1978 ana buga 16. Ƙungiyoyi 14 ne ke wucewa zagayen sili-ɗaya-ƙwale, wanda ke ƙarewa da wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl. Ɗan wasa mafi muhimmanci a fili shi ne wanda suke kira kwatabak, wato wanda ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari ya yanke shawarar inda za ta je. A wannan rubutu za mu kira shi madugu, domin shi ne mai jan ayari.

Ra'ayina a kan wannan al'ada shi ne, laifin yawancin masu hasashen ba ya cikin rashin sanin wasa, domin da yawansu sun san shi ciki da bai. Laifin yana cikin harshen da suke amfani da shi. Suna ɗaukar abin da bai wuce yiwuwa ba su tufatar da shi rigar tabbas, kuma tun da caca ta shigo cikin lamarin, wannan riga ta fara cin kuɗin jama'a.

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fage. Akwai kirdado, wanda mai shi ya auna abin da ke gabansa kafin ya yi magana, kamar yadda dillali ke duban sa a kara ya faɗi abin da zai yi a kasuwa. Akwai kintace, wanda ma'auninsa bai kai na kirdado ba. Akwai canki-canka, wasan yara na faɗin abin da ke cikin dunƙulallen hannu. Sannan akwai shaci-faɗi, maganar da ba ta da tushe ko kaɗan. Hatta a nahawu, harshen ya tanadi lokaci na gaba iri biyu. Wanda ya ce "za su zo" ya ɗaure kansa fiye da wanda ya ce "sa zo", haka nan "za mu gani" ba daidai yake da "ma gani" ba. Ingilishi ma yana da nasa kalmomin sassauci, sai dai kanun labari ba ya ƙaunar su, domin "wataƙila" ba ta sayar da jarida.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsirfar malaman harshe ce kawai. A shekarar 1951 masana leƙen asirin Amurka sun rubuta rahoto cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi Tarayyar Sobiyat ta kai wa Yugoslabiya hari a wannan shekara. Ɗaya daga cikinsu, Sherman Kent, ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da kowa ya nufa da wannan furuci da suka sa wa hannu tare, sai ya tarar wani yana nufin kashi 20 cikin 100, wani kuma kashi 80. Idan har ƙwararru za su rarrabu haka a kan jimla ɗaya, ina ga mai sauraron sharhin wasanni da aka ce masa ƙungiya kaza "tana da kyakkyawar dama"? Ko dai a ba shi tabbas na ƙarya, ko a ba shi kalmar da za ta iya ɗaukar kowace ma'ana bayan an ga sakamako.

Bari mu duba dalilin da ya sa wannan gasa musamman ta ƙi jinin tabbas. Dalili na farko shi ne gajartar kakar. A gasar Firimiya ta Ingila ƙungiya tana buga wasa 38, a gasar ƙwallon kwando ta NBA wasa 82, a gasar besbol ta Amurka wasa 162. Idan wasanni suka yi yawa, sa'a da rashin sa'a sukan cinye juna, gwani ya fito fili. A wasa 17 kuwa babu wannan sarari. A ƙaddara cewa duka ƙungiyoyin 32 ƙarfinsu ɗaya ne, a ce kowane wasa da jefa kwabo sama za a raba shi. Lissafi ya nuna cewa a irin wannan kaka ƙungiyoyi kamar biyar za su ci wasa 11 ko fiye, wasu kamar biyar kuma ba za su wuce 6 ba, alhali babu wadda ta fi wata da komai. Da za a miƙa wa masu sharhi wannan sakamako ba tare da an gaya musu asalinsa ba, da sun rubuta shafuka a kan hikimar kociyoyin biyar na sama da sakacin biyar na ƙasa.

A ɗauki misali na biyu. A ce mutum ya san haƙiƙanin ƙarfin wata ƙungiya, ya san tana da damar cin kowane wasa da kashi 65 cikin 100. Adadin da ya fi dacewa ya faɗa shi ne wasa 11. To amma damar a ce ta ci 11 cif, ba 10 ba, ba 12 ba, ba ta wuce ɗaya cikin biyar ba. Wato ko wanda ya san gaskiyar lamarin, sau huɗu cikin biyar zai kuskure adadin. Saboda haka duk wanda ya rubuta "12 da 5" ba tare da wani sharaɗi ba ya faɗi abin da ya fi ƙarfin saninsa. Akwai ma wata jarrabawa mai sauƙi da kowa zai iya yi wa irin waɗannan jerin. Wasanni 272 ake bugawa a kaka, don haka nasarorin duka ƙungiyoyin ba za su haura 272 ba. Duk jerin da jimillarsa ta zarce haka, lissafi ya riga ya ƙaryata shi tun daga kan takarda, kuma abin da ke jawo hakan shi ne son faranta ran magoya bayan kowace ƙungiya.

Dalili na biyu shi ne, da gangan aka tsara gasar domin na sama ya sauko, na ƙasa ya hau. Tun 1936 ake rabon sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, kuma ƙa'idar ita ce ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa. A 1994 aka ƙayyade kuɗin da ƙungiya za ta iya kashewa a albashin 'yan wasa, aka fara da dala miliyan 34.6, adadin da ya kai dala miliyan 279.2 a kakar 2025. Attajiri ba zai iya sayen duk gwanaye ya tara ba, kuma ƙungiyar da ta yi nasara takan rasa wasu 'yan wasanta saboda farashinsu ya tashi. Hatta jadawali yana da hannu a ciki, domin uku daga wasannin 17 ana haɗa ƙungiya ne da waɗanda suka ƙare a matsayi irin nata a bara, ta ɗaya da ta ɗaya, ta huɗu da ta huɗu. Wanda ya saba da ƙwallon Turai, inda mai kuɗi ke daɗe a sama, zai yi kuskure idan ya kawo wannan ma'auni nan. Miami Dolphins ta ci wasa 1 kacal a 2007, ta ci 11 a 2008. Cincinnati Bengals ta ci 4 a 2020, ta buga Super Bowl a kakar da ta biyo. Los Angeles Rams da ta doke ta a wannan wasa ta koma cin 5 a 2022. Washington Commanders ta tashi daga 4 a 2023 zuwa 12 a 2024.

Dalili na uku shi ne rauni, kuma a nan ne tarihin gasar ya fi yi wa masu hasashe dariya. A 1998 St. Louis Rams ta ci wasa 4. Ana dab da fara kakar 1999 sai madugunta Trent Green ya ji mummunan rauni a gwiwa, aka ɗauko Kurt Warner, mutumin da a 'yan shekarun baya yake jera kaya a kantin kayan masarufi a jihar Iowa. Ƙungiyar ta ci wasa 13, Warner ya zama gwarzon shekara, suka ɗauki kofi. A 2001 Drew Bledsoe na New England Patriots ya ji rauni a mako na biyu, aka sa Tom Brady, wanda sai da aka zaɓi mutum 198 kafin a kai gare shi a rabon 2000. Ƙungiyar da ta ci wasa 5 a shekarar da ta gabata ita ta ɗaga kofi. A ɗaya gefen kuma, Indianapolis Colts ta ci 10 a 2010, amma da tiyatar wuya ta hana Peyton Manning wasa a 2011 sai ta ci 2. A ranar 11 ga Satumba 2023, bayan an shafe watanni ana kururuta zuwan Aaron Rodgers ƙungiyar New York Jets, agararsa ta tsinke a hari na huɗu na wasan farko, kakar ta ƙare da nasara 7. Wane kirdado ne zai hango jijiyar da za ta tsinke?

Dalili na huɗu shi ne wanda mai hankali zai fi amfana da shi, domin yana nuna inda kirdado na gaskiya ke da wurin zama. Adadin nasarorin bara mugun mashaidi ne. A 2022 Minnesota Vikings ta ci wasa 13 aka doke ta a 4, amma idan aka tara makin da ta ci a kakar, 424 ne, wanda aka ci ta kuma 427. Sirrin shi ne ta buga wasa 11 da tazararsu ba ta wuce maki 8 ba, ta kuma cinye su duka. Irin wannan wasa na kusa-da-kusa sau da yawa bugu ɗaya ko hukuncin alƙali ɗaya ke raba shi, kuma ba kullum ake kwana a gado ba. A 2023 ta ci 7. Kansas City Chiefs ta maimaita labarin a 2024, ta ci wasa 15, 11 daga cikinsu na kusa-da-kusa, sannan a 2025 irin waɗannan wasanni suka juya mata baya, ta kasa shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale karo na farko tun 2014. Tun a 1886 Francis Galton ya bayyana wannan ɗabi'a ta lissafi, cewa abin da ya yi nisa da matsakaici yakan komo kusa da shi a awo na gaba. Mai kirdado yakan dubi tazarar maki, da lafiyar madugu, da nauyin jadawali. Mai shaci-faɗi kuwa jerin bara yake kwafa ya ƙara ɗaya a nan ya rage ɗaya a can.

Adalci ne a faɗa cewa ba komai ne duhu ba. Patriots ta lashe rukuninta sau 11 a jere daga 2009 zuwa 2019, Chiefs ta lashe nata sau 9 a jere daga 2016 zuwa 2024. Inda aka haɗa madugu gwani da koci gwani, juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. Sai dai wannan shi ne hasashen da kowa ya sani, ba ya buƙatar masani. Kuma ko a nan akwai iyaka. Patriots ta 2007 ta cinye wasanninta 16 duka, amma New York Giants da ta ci 10 kawai ta doke ta da 17 da 14 a wasan ƙarshe.

Idan muka juya ga lambobin yabo, sai mu tarar da matsala ta daban. Nasara a fili ake samun ta, lambar yabo kuwa ƙuri'a ce. Kamfanin dillancin labarai na AP ne ke da kwamitin mutum 50, 'yan jarida da masu sharhi, waɗanda ke kaɗa ƙuri'a bayan an kammala wasannin kaka, kafin a shiga sili-ɗaya-ƙwale. Saboda haka wanda ke hasashen gwarzon shekara, a haƙiƙa ɗabi'ar mutum 50 yake karantawa, kuma ɗabi'ar ba ɓoyayyiya ba ce. Daga 2013 zuwa 2025 babu wanda ya karɓi wannan lamba sai madugu. Na ƙarshe da ba madugu ba shi ne Adrian Peterson, wanda ya yi gudun yadi 2,097 da ƙwallo a 2012. Derrick Henry ya yi yadi 2,027 a 2020, Saquon Barkley ya yi 2,005 a 2024, dukansu aka sallame su da lambar gwarzon masu kai hari. Masu tsaron baya biyu kaɗai suka taɓa samun ta, Alan Page a 1971 da Lawrence Taylor a 1986. Masu cafke ƙwallo kuwa babu ko ɗaya, har da Cooper Kupp da ya zarce kowa a yawan cafka da yawan yadi da yawan kai ƙwallo gida a 2021.

Ke nan kalmar "gwarzo" ta tsuke a bakin masu ƙuri'a, ta koma nufin madugun ɗaya daga ƙungiyoyin da suka fi cin wasa. Wannan ya rage wa mai hasashe aiki, ya bar shi da sunaye kamar goma. Amma a cikin goman sai labari ya yi aiki, domin masu ƙuri'a marubuta ne, marubuci kuwa yana son sabon labari. Patrick Mahomes ya karɓe ta a 2018, shekararsa ta farko a matsayin madugu na dindindin. A 2024 kwamitin AP ya sa Lamar Jackson a matsayin madugu na ɗaya a jerin gwanayen kaka, sannan ya ba Josh Allen lambar gwarzon shekara. Wato a kaka ɗaya an ce wane ya fi kowa iya aikin, an kuma ce wani daban ya fi kowa daraja. Wanda zai hango wannan tun watan Agusta sai ya san yadda ma'anar kalma za ta karkata a zukatan mutum 50 bayan wata biyar.

Lambar kocin shekara ta fi wannan ban mamaki. Andy Reid ya ɗauki kofi sau uku da Chiefs, amma sau ɗaya tak AP ya ba shi wannan lamba, a 2002, lokacin yana Philadelphia Eagles. Waɗanda aka fi ba su ita su ne waɗanda ƙungiyarsu ta zarce abin da aka zata. Matt Nagy ya samu a 2018 da Chicago Bears ta tashi daga nasara 5 zuwa 12, aka sallame shi bayan kakar 2021. Brian Daboll ya samu a 2022 da Giants ta tashi daga 4 zuwa 9, aka sallame shi a Nuwamban 2025. A taƙaice, lambar tana zuwa ne ga wanda ya fi ƙaryata hasashen watan Agusta. To mai hasashen da ya ambaci kocin shekara, me yake faɗa in ba cewa ga inda jerina zai fi yin kuskure ba? Haka nan lambar wanda ya farfaɗo bayan koma-baya. A 2023 kusan kowa ya sallama ta ga Damar Hamlin, wanda zuciyarsa ta tsaya a fili a watan Janairu ya kuma dawo wasa. Joe Flacco ne ya karɓe ta, mutumin da ba shi da ƙungiya sai a watan Nuwamba, wanda wasa biyar kawai ya buga a kakar.

Abin tambaya a nan shi ne, tun da tarihi ya tara hujjoji haka, me ya sa sana'ar ke ƙara bunƙasa? Amsa ta farko ita ce mantuwa. Har yau ana ba da labarin Joe Namath, wanda a Janairun 1969 ya yi alkawarin Jets za ta doke Baltimore Colts a lokacin da kowa ya raina su, aka kuma tashi 16 da 7. Alkawuran da suka sha ruwa kuwa babu mai ajiye lissafinsu. Wanda ya yi cinta sau ɗaya yakan sa ta a gaban rigarsa har abada, wanda ya kuskure sau goma ya san kafin Janairu an manta. Philip Tetlock, masanin halayyar ɗan Adam, ya shafe kusan shekara ashirin yana tattara hasashen ƙwararru a kan siyasa da tattalin arziki, kuma a littafinsa na 2005 ya nuna cewa waɗanda suka fi suna a kafafen yaɗa labarai sun fi takwarorinsu marasa suna yawan kuskure. Mai faɗa da ƙarfin murya shi ake gayyata, mai cewa "da sharaɗi" a bar shi a gida.

Amsa ta biyu ita ce kuɗi. A ranar 14 ga Mayu 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, kuma tun daga nan fiye da jihohi 30 suka buɗe ƙofa. Gasar NFL, wadda ta daɗe tana nesanta kanta da caca, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Caesars da DraftKings da FanDuel a 2021, ta kuma kai Super Bowl birnin Las Begas a Fabrairun 2024. A yau ana iya zuba kuɗi a kan adadin wasannin da ƙungiya za ta ci, da kan wanda zai zama gwarzon shekara, wato ainihin abubuwan da marubutan ke hasashe. Abin da a da hira ce ta majalisa ya zama ƙofar shago. Lissafin shagon kuwa a fili yake. A ƙa'idar da aka fi bi, mutum yana zuba 110 domin ya ci 100, saboda haka sai ya dace a kashi 52.4 cikin 100 na cacarsa kafin ya mayar da uwar kuɗi. Kamfanin ba ya buƙatar sanin wanda zai yi nasara, abin da yake buƙata shi ne mutane su yarda cewa su sun sani. Marubucin da ya rubuta "babu makawa" ya yi masa wannan aiki, ko ya sani ko bai sani ba. Mu ma da muke ganin yadda shagunan cacar ƙwallo suka yaɗu a garuruwanmu, da yadda ake tallar "tabbataccen sakamako" a wayoyin matasa, mun san salon maganar ɗaya ne ko da wasan ya bambanta.

Ba ina kira ne a daina hasashe ba. Rabin daɗin wasa yana cikin musun da ke gabansa, kuma babu koci ko shugaban ƙungiya da zai yi shiri ba tare da kirdado ba. Abin da nake kira gare shi shi ne a riƙe masu wannan sana'a da ƙa'idar da aka riƙe masu hasashen yanayi da ita. Tun 1950 Glenn Brier ya fito da hanyar auna ingancin hasashen da aka bayar da adadi. Mai duban yanayi da ya ce akwai yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100 bai yi ƙarya ba idan rana ta ƙwalle gobe. Za a kama shi ne idan aka tara ranaku ɗari da ya faɗi haka aka ga ba a yi ruwa a kusan saba'in ba. Wannan shi ne hasashen da ake iya yi wa hisabi, kuma wanda ya san za a yi masa hisabi yakan auna bakinsa.

Saboda haka editan da zai buga irin wannan jeri yana da haƙƙin neman abubuwa huɗu daga marubucinsa. Na farko, ya ba da tazara maimakon adadi guda, ya ce tsakanin wasa 9 zuwa 13, ya kuma faɗi ƙarfin zatonsa da lamba. Na biyu, ya tara jerinsa ya tabbatar bai haura 272 ba. Na uku, ya bambance wa mai karatu wanda yake ganin ya cancanci lambar yabo da wanda yake zaton masu ƙuri'a za su zaɓa, domin tambayoyi biyu ne daban. Na huɗu, a watan Janairu a sake buga jerin watan Agusta gefe da gefe da sakamako na gaskiya, a kuma bayyana ko akwai kamfanin caca da ke ɗaukar nauyin shafin. Marubucin da ya yarda da waɗannan sharuɗɗa ya cancanci a saurare shi ko da ya kuskure, wanda ya ƙi kuwa ya riga ya gaya mana irin hajar da yake sayarwa.

Shi kuma mai karatu, ko bai taɓa kallon wannan wasa ba, yana da abin ɗauka. Gasar NFL wuri ne da aka ƙidaya komai, kowane yadi da kowane maki a rubuce yake, ƙa'idoji a bayyane, sakamako kuma yana fitowa cikin wata biyar. Idan a irin wannan fili mai tsabta masana suna tuntuɓe haka, yaya za mu ɗauki wanda ya bugi ƙirji ya gaya mana sakamakon zaɓe ko farashin kuɗi shekara biyu kafin lokaci? Mu riƙa tambayarsa kashi nawa cikin ɗari yake nufi, da abin da ya faɗa bara, da kuma wanda zai amfana idan muka gaskata shi. Idan ya amsa, mu ba shi kujera. Idan ya kauce, mu ce masa "ma gani", mu ci gaba da harkar gabanmu.